Takardun sa maki da gargaɗin kwamfuta a asibiti: suna iya cutar da majinyaci?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. A 'yan shekarun nan an cika mu da takardun da ake bi ana sa maki: ta kafin tiyata, ta haɗarin faɗowa daga gado, ta auna ciwo, ta ƙarin ruwa. Ga kwamfuta kuma kullum cikin gargaɗi take. An ce duk don kare majinyata ne, amma sau da yawa na fi daɗewa a kan takarda fiye da a bakin gado. Likita, shin akwai hujjar cewa waɗannan abubuwa suna cutarwa, ko dai ƙorafin gajiya ne kawai irin namu na ma'aikata?

Amsa: Malama, ba ƙorafin gajiya ba ne. Akwai hujja, wata ma da rayukan mutane aka ƙidaya ta. Amma bari in fara ba takardar haƙƙinta, don kada a sa ni a sahun masu cewa a yage ta.

A 2001 wani likitan ɗakin kulawa ta musamman a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, Peter Pronovost, ya rubuta matakai 5 da za a bi duk lokacin da za a zura roba a babbar jijiyar jini. A wanke hannu, a goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe majinyaci da tsabtataccen ƙyalle, a guji jijiyar matsematsi in da hali, a cire robar da zarar buƙatarta ta ƙare. Babu likitan da bai san waɗannan ba, gaggawa ce kawai ke sa a tsallake ɗaya. Da aka kai tsarin ɗakuna 103 a jihar Mishigan, cutar da ke shiga jini ta wannan roba ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tata takardar tiyata mai abubuwa 19, aka gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe 8, mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8. Daga nan kowa ya ce an samo bakin zaren.

Ki lura da irin aikin da aka yi nasara a kansa. Aiki ne iri ɗaya ga kowane majinyaci, ba ya buƙatar dogon tunani, ba ya illata wanda bai buƙace shi ba, kuma mantuwa ce ke hana yin sa. Ba a taɓa samun wanda wanke hannun likita ya kashe ba. Kusan duk ɓarnar da zan lissafa miki ta faru ne sa'ad da aka ɗauki wannan dabara aka aza ta a kan aikin da ba haka yake ba, sannan aka mayar da ita ma'aunin da na sama ke auna na ƙasa da shi.

Illa mafi sauƙi ita ce makin da babu komai a bayansa. Lardin Ontariyo na Kanada ya tilasta wa asibitoci amfani da takardar tiyata a 2010, su kuma suka riƙa kai rahoton cewa ana cike ta kusan ɗari bisa ɗari. Da aka duba asibitoci 101 aka buga sakamakon a 2014, mace-macen tiyata sun sauka ne daga kashi 0.71 zuwa 0.65, bambancin da bai kai a ce takardar ce ta kawo shi ba. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an gwada takardar haihuwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya a cibiyoyi 120, har da masu horarwa da ke zagayawa. Unguwar zoma da ma'aikatan jinya sun ƙara bin matakan sosai, amma mutuwar uwa da jariri ba ta ragu ba. Takarda ba ta zama jini ga mai zubar jini, ba ta kuma zama motar da za ta kai ta inda ake tiyata.

To me ya yi aiki a Mishigan? Waɗanda suka koma suka bincika sun gano takardar ƙaramin ɓangare ce na abin da ya faru. An ba ma'aikaciyar jinya ikon ta tsayar da likita in ya tsallake mataki, kuma shugabannin asibiti suka tsaya mata. An tara kayan aikin a keke ɗaya don kada a yi ta nema. Ana nuna wa kowane ɗaki adadin waɗanda suka kamu a wajensa. Da Ingila ta kwaikwayi shirin daga 2009, cutar ta ragu, amma dama tana raguwa har a ɗakunan da shirin bai kai gare su ba tukuna. Wani zai ce ai makin banza ba ya cutarwa, lokaci kawai ya ci. Ban yarda ba. Fayil ɗin da ke cewa an tabbatar da sunan majinyaci da ɓangaren da za a yanka, alhali babu wanda ya tsaya ya tambaya, ya fi fayil marar komai haɗari, domin wanda ya zo daga baya ya ga maki, ba zai sake dubawa ba.

Inda abin ya fi muni shi ne ƙa'idar magani da aka ɗaura wa agogo. A farkon shekarun 2000 hukumomin da ke tantance asibitoci da biyan kuɗin magani a Amurka suka sa doka: duk mai ciwon huhu a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 4 da isowarsa, kuma za a bayyana wa jama'a makin kowane asibiti. A ido abin ba laifi. Amma ke kin san yadda tsoho mai haki da tari yake zuwa ɗakin gaggawa. A awa ta uku ba lallai a san ko ciwon huhu ne, ko zuciya ce ta kasa ruwa ya taru a ƙirji, ko asma, ko gudan jini ne ya toshe jijiyar huhu. Likita yana da zaɓi biyu: ya jira hoton ƙirji da gwajin jini asibitinsa ya rasa maki, ko ya rubuta ciwon huhu ya ba da magani ya huta. Kin san wanda za a zaɓa. A wani asibitin koyarwa, cikin waɗanda aka kwantar da sunan ciwon huhu, adadin da aka tabbatar da gaske shi ne ya faɗi daga kusan kashi 76 cikin 100 zuwa kusan 59 bayan zuwan dokar. Sauran sun sha maganin da ba sa buƙata, da duk abin da ke biyo shi na gudawa mai tsanani da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, ainihin ciwon nasu kuma ya yi ta jira. A 2007 aka sassauta zuwa awa 6, daga baya aka soke ma'aunin gaba ɗaya.

Na sukari ya fi wannan ɗaci. A 2001 wani bincike a birnin Leuven na Beljiyam, a ɗaki ɗaya na waɗanda aka yi wa tiyata, ya nuna cewa matse sukarin jini da insulin tsakanin 80 da 110 yana rage mutuwa. Nan da nan asibitoci a duniya suka buga jadawali: in sukari ya kai kaza, ƙara insulin kaza. Aka danƙa wa ma'aikatan jinya, su kuma suka bi shi da gaskiya. Sai a 2009 babban gwaji a kan majinyata sama da 6,000 a Ostireliya da Niyuzilan da Kanada ya fito. Waɗanda aka matse wa sukari sun mutu da kashi 27.5, waɗanda aka sassauta wa kashi 24.9. Faɗuwar sukari mai haɗari kuwa kashi 6.8 ce a rukunin farko, 0.5 a na biyu. Garin gyaran gira an rasa ido. Abin da ya kamata a lura da shi a nan, ba saɓa ƙa'ida ce ta kashe mutanen ba, bin ta ne sau da ƙafa. Likita ɗaya mai gurguwar fahimta majinyatansa kaɗai zai cutar. Gurguwar fahimtar da aka buga a takarda aka manna a bango kuwa kowane gado take bi, dare da rana, kuma mafi ƙwazon ma'aikata su ne suka fi isar da ita.

Akwai kuma ƙa'idar da take daidai a inda aka haife ta, amma ta zama guba da aka canza mata wuri. Shekara da shekaru littattafan likitancin yara suna koyar da cewa yaro mai zazzaɓi mai tsanani da jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. An gwada wannan a kan yara 3,141 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, aka buga sakamakon a 2011. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 na waɗanda aka ɗura wa ruwan sun rasu, waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3. Sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Da yawa cikin yaran maleriya ce da ƙarancin jini ke damunsu, kuma asibitocin ba su da na'urar taimakon numfashi da za a jona wa yaro in jikinsa ya kasa ɗaukar ruwan. A Lusaka ta Zambiya an yi makamancin haka da manya 209 masu sefsis, wato halin da ƙwayoyin cuta suka rikita jiki har gaɓoɓi suka fara kasawa. Waɗanda aka bi da su bisa ƙa'idar ruwa mai yawa sun mutu da kashi 48, waɗanda aka bar wa likitocinsu su yi yadda suka saba kashi 33. Kowace ƙa'ida tana ɗauke da zaton da ba a rubuta a jikinta ba: irin majinyacin da za a yi wa ita, da kayan da ke ɗakin in abu ya ɓaci.

Yanzu takardar faɗowa daga gado da kika ambata. Daga 2008 shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka ya daina biyan asibiti kuɗin raunin da majinyaci ya samu in ya faɗi a cikinsa. Asibitoci suka tashi haiƙan: takardar auna haɗari, abin hannu mai launi, ƙararrawa a gado da kujera. Gwajin da aka yi a ɗakuna 16 aka buga a 2012 ya nuna ƙararrawar gado ba ta rage faɗuwa ba. Abin da ta iya shi ne koya wa tsoho cewa motsi laifi ne. Ita kuma ma'aikaciyar da ke da gadaje da yawa ta san hanya mafi sauƙi ta hana mutum faɗuwa ita ce kada ya tashi. Alhali an gwada tsofaffi masu ƙoshin lafiya, kwana 10 a kwance suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Mutum ya shigo da ƙafarsa, ya fita a keken guragu, a rahoton wata kuma an rubuta babu wanda ya faɗi. Faɗuwa ana ƙidaya ta, tana da takardar rahoto da wanda za a tuhuma. Rasa tafiya ba shi da gurbi a kowace takarda, don haka a idon ofis bai faru ba.

Haka aka yi da ciwo. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka ce a riƙa auna shi kamar zafin jiki da bugun zuciya, daga 0 zuwa 10, wasu asibitoci kuma suka ɗaura kowace lamba da adadin magani mai ƙarfi. Lamba ta sauka, yawan waɗanda magani ya danne wa numfashi ya hau.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Ingila. A ƙarshen shekarun 1990 aka tsara wata ƙa'ida a Liverpool don kula da wanda ke gargarar mutuwa: a daina wahalar da shi da allurai da gwaje-gwajen da ba za su amfane shi ba, a sauƙaƙa masa ciwo, a zauna da iyalinsa. Niyya mai kyau, daga hannun mutanen da suka san aikin. Da ta bazu a asibitoci, har ana ba wasu ladan kuɗi gwargwadon yadda suke amfani da ita, sai ta koma cike gurbi. Kwamitin da Julia Neuberger ta jagoranta ya ba da rahoto a 2013 cewa an sa mutane a tsarin ba tare da an gaya wa iyalansu ba, an kuma hana wasu ruwan sha suna nema. Aka janye ta a 2014. Gane cewa mutum ya kama hanyar mutuwa hukunci ne mai wuya da ake sake dubawa kullum, domin wani yakan farfaɗo. Takarda kuwa da zarar an buɗe ta, kowa ya ɗauka an gama magana.

Sai kwamfuta. Ita matsalarta ba ta gajiya da magana. A asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco an ƙidaya gargaɗin na'urorin sa ido a ɗakunan kulawa ta musamman guda 5 na wata ɗaya: sama da miliyan 2.5 a kan majinyata 461. Cikin gargaɗin rikicewar bugun zuciya da aka bi aka tantance, kusan kashi 89 ƙarya ne. Kunnen ɗan Adam ba zai iya ɗaukar wannan da muhimmanci ba, dole ya koyi toshewa. Hukumar tantance asibitocin Amurka ta tattara rahoto 98 na haɗurran da suka shafi ƙararrawa tsakanin 2009 da tsakiyar 2012, 80 daga ciki mutuwa ce. Gargaɗin magani da ke fitowa a allo shi ma haka: bincike daban-daban sun nuna likitoci na danne tsakanin rabi zuwa sama da kashi 90 nasa, kuma galibi suna da gaskiya, don yawancinsa shirme ne. Sai dai na gaskiyar da na shirmen kamarsu ɗaya, launinsu ɗaya.

A asibitin nan na San Francisco dai, a 2013, an ba wani yaro ɗan shekara 16 ƙwaya 38 da rabi ta maganin da ya kamata ya sha ƙwaya ɗaya. Likita ta rubuta 160 tana nufin miligiram, allon kuwa yana kan miligiram ga kowane kilo na nauyin jiki, sai ya ninka. Gargaɗi ya fito mata ta danne, ya fito wa mai haɗa magani ya danne, don irinsa suke gani duk yini. Na'urar da ke ƙirga magani ta ƙirga ta ƙulla, ba ta san mamaki ba. Da mutum ne ke zuba ƙwayoyin da hannu, da wuya ya kai ta goma bai tsaya ba. Ma'aikaciyar jinyar, wadda aka turo daga wani ɗaki, ta ji abin bai kwanta mata ba, amma duk ƙwayar da ta haska wa na'urar tantancewa sai ta ce daidai ne, saura. Yaron ya yi jijjiga, numfashinsa ya tsaya, Allah ya sa da sauran kwana aka ceto shi. Ni ban ga sakarci a labarin nan ba. Na ga matakan tsaro da yawa da kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, da kuma mutum ɗaya da zuciyarta ta gaya mata gaskiya amma an riga an koya mata cewa na'ura ta fi ta sani.

Wani lokaci ma ba gargaɗin ba ne, yadda kwamfuta ke sauya tafiyar aiki ne. Asibitin yara na Pittsburgh ya koma rubuta magani ta kwamfuta cikin kwana 6 a 2002. Mutuwar yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci ta tashi daga kashi 2.8 zuwa kusan 6.6. A da ana shirya magani tun yaro yana hanya, yanzu sai ya iso an yi masa rajista. An kwashe magungunan gaggawa daga ɗaki zuwa babban ɗakin magani. Likita ɗaya ya koma gaban allo maimakon bakin gado. Asibitin yara na Seattle ya sa irin wannan tsari daga baya, bayan ya koyi darasi daga abin da ya faru, bai ga ƙarin mutuwa ba. Ke nan ba na'urar kaɗai ba ce, har da yadda aka shigo da ita da wanda aka tambaya kafin a shigo da ita.

Sababbin manhajojin da ake cewa suna hango ciwo tun kafin ya bayyana su ma a riƙa tambayarsu shaida. Jami'ar Mishigan ta gwada ta kamfanin Epic mai hasashen sefsis, wadda ɗaruruwan asibitoci ke amfani da ita a lokacin, ta buga sakamako a 2021. Manhajar ba ta gano kashi 67 na masu ciwon ba, ta kuma yi kururuwa a kan kashi 18 na duk waɗanda aka kwantar. Hatta lambar da ake ciyar da ƙa'idar da ita tana iya yin ƙarya. 'Yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin ta fi kuskure a baƙar fata. Binciken 2020 ya nuna ta ɓoye ƙarancin iska a wajen baƙaƙe kusan ninki uku fiye da farare. In ƙa'idarku ta ce a kira likita sai lamba ta sauka ƙasa da kaza, ga mutum yana haki yana gumi lambar kuma tana cewa lafiya, mutumin za ki gaskata.

Abin da zan ce ki yi ba shi da yawa. Kada ki sa maki a kan abin da ba ki yi ba, ko da za a ga gurbi a yi miki faɗa, don gurbin shi ne kaɗai ke gaya wa na sama cewa hannu bai isa ba. In ƙa'ida ba ta dace da wanda ke gabanki ba, misali ta ce a ɗura ruwa mai yawa ga mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta daina aiki, kada ki tsallake a ɓoye, kada kuma ki bi ido rufe. Ki kira likita, ki faɗi abin da kika gani, a rubuta dalili a fayil. Yawancin ƙa'idoji ba don wauta aka rubuta su ba, kuma wanda ya saba kauce musu shi kaɗai ba tare da shawara ba shi ma haɗari ne. In adadin magani ya ba ki mamaki, mamakin nan hujja ce da ta isa a dakata, ko da allo ya nuna kore.

In kuma kina da murya a inda ake kawo sabuwar takarda, ki tambaya a kan waɗanne irin majinyata aka gwada ta, me zai sami wanda aka yi wa abin alhali bai buƙata ba, kuma akwai gurbin da za a rubuta cewa wannan bai shafe shi ba, ba tare da an ɗauke shi laifi ba? Ki kuma tambayi wace tsohuwar takarda za a janye a madadinta, domin mintin da za a cike sabuwar daga bakin gado za a ɗebo shi. Takardun da ke manne a bangon ɗakinku ma ki duba shekarar da aka rubuta su da wanda ke da alhakin sabunta su, musamman jadawalin insulin da na ƙarin ruwan yara. In na insulin ya girmi 2009, ko na ruwan ya girmi 2011, ki kai wa shugabar ɗakinku maganar a sake duba su.